Marayu Masu Ciwon Ido

Shekarun baya can, lokacin da faifan fim ke tashe, wayoyinmu kuma ba su iya komai ba sai kira da saƙo, na taɓa zama tafintan dole a cikin falona. Jiya muna zaune da wani abokina a wurin jiran fasinja na filin jirgin JFK maganar ta faɗo, ya yi dariya har ya ƙware da shayi, ya ce lallai sai na ba ku labarin. To ga shi.

A lokacin matata ta haifi 'yarmu ta fari. Ita 'yar Damagaram ce, amma tun tana ƙarama aka kawo ta nan Amurka, mahaifiyarta kuma ta daɗe da rasuwa, don haka babu mai zuwa ta zauna da ita zaman jego. Muka yi ta fafutuka har Allah ya sa mahaifiyata ta samu biza, ta taso daga Kano. Ta sauka a tsakiyar hunturu. Da muka iso gidanmu a unguwar Parkchester, muna shiga lifta ta tambaye ni ko mutanen garin nan wani laifi suka yi wa Allah aka saka musu da wannan sanyi.

Aikin jego kam ta riƙe shi yadda ya kamata. Ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, ga yajin da ta ƙunso tun daga gida. Amma da an gama, jaririya ta yi barci, mai jego ta yi barci, sai Inna ta ja kujera bakin taga ta zauna da carbinta tana kallon dusar ƙanƙara. Mace ce da a Kano ƙofarta ba ta rufuwa, daga mai sayen ƙuli sai mai kawo ƙarar miji. Nan kuwa kowa ya shiga ya murza mukulli.

Abin da ya fi damun ta ma ba kaɗaicin ba ne, jiniya ce. Kafin ta taso matan unguwa sun cika mata kunne cewa 'yan sandan Amurka ba sa tambaya, da sun ga baƙar fata sai harbi. Ni kuwa direban tasi ne, a titi nake wuni. A yankinmu na Bronx kuma jiniya ba ta ɗaukewa. Duk wadda ta wuce sai Inna ta miƙe tsaye ta sa matata ta kira ni, ta ji muryata, sannan ta zauna. Ga ta da hawan jini. Wata rana matata ta auna ta, abin da na'urar ta nuna ya sa mu duka biyu muka kasa cin abinci.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wani dattijo ce, baƙar fatar ƙasar nan, tsohon direban bas da ya yi ritaya, matarsa ta rasu. Sukan haɗu da Inna idan ta fito miƙe ƙafa tsakanin ƙofofi. Ya gaishe ta da Turanci, ta amsa masa da "lafiya lau, ya sanyi", kowa ya wuce ya gamsu. Ran nan ya tare ni ya ce ya lura mama ba ta da walwala. Ya miƙo mini wani faifai, ya ce tsohon fim ne na barkwanci, cike da kiɗan blues da soul irin wanda suka tashi da shi, shi da marigayiya sun kalle shi har sun daina ƙirgawa. Ya ce ba sai ta ji Turanci ba, kiɗan ya isa.

Na shiga na ce, "Inna, maƙwabci ya aiko miki da fim. Wai na kiɗan blues ne."

Ta ce, "Wane Bulus ɗin? Ɗan Sabon Gari ne?"

Na ce a'a, sunan kiɗan ke nan. Ta ce to a sa ta gani.

Ba zan kama sunan fim ɗin ba, waɗanda suka sani sun sani. Wa da ƙane ne, cikin baƙar kwat da baƙar malafa da baƙin tabarau, suna yawo a wata tsohuwar mota suna tattaro abokansu makaɗa don su yi wasa su ceto gidan marayun da suka tashi a ciki. Niyyata in kunna mata in tafi in ci tuwona. Ina juyawa ta ce, "Zauna. Me suke cewa?"

Turancina a wancan lokacin Turancin tasi ne. Na iya ina za ka, dama ko hagu, ta gada ko ta ƙarƙashin ruwa. Sai kuma zagi, wanda na fi ƙwarewa a kai saboda shi aka fi yi mini. Da fim ya fara sai na gane wannan fannin da na ƙware a kai shi ne ya fi yawa a bakin mutanen nan biyu. Ni kuma ban taɓa furta ko kalmar banza a gaban mahaifiyata ba, ba kuma ranar zan fara ba.

Da farko an nuna ƙanen ne ko wan, yana fitowa daga gidan yari. Na ce sharri aka yi masa, gaskiya ta yi halinta aka sake shi. Ta ce haka duniya take. Suka je wurin wata tsohuwa mai lulluɓi wadda ta raine su. Inna ta ga lulluɓi ta ce, "Wannan malamarsu ce." Na ce ita ce. Can ɗaya ya saki wata kalma, tsohuwar ta ɗauki sanda ta zuba masa.

"Me ya ce ta doke shi?"

"Cewa ya yi aiki ya yi masa yawa, shi ya sa bai zo gaishe ta ba."

Inna ta ce, "Ta ƙara masa." Tsohuwar kuwa kamar ta ji.

Daga nan na samo dabara. Duk inda aka yi ashar sai in ce, "Ya ce Allah ya kyauta." Aka yi ta Allah ya kyauta har Inna ta girgiza kai ta ce yaran nan akwai ambaton Allah, ka ga amfanin tashi a hannun malama. Matata na tsaye bakin ƙofar ɗaki da jaririya a kafaɗa. Ita Turanci kamar a bakinta aka ƙera shi. Na ga ta cusa fuskarta cikin zanen goyo, kafaɗunta na rawa.

"Su kuma me ya sa ba sa cire tabaran nan, har a cikin ɗaki?"

Wallahi ban sani ba, har yau ma ban sani ba. Na ce, "Ciwon ido ne, Inna. Gado suka yi."

"Allah sarki. Ga maraici ga ciwon ido."

Ba wai komai take haɗiyewa ba fa. Da aka nuna wani wuri ana waƙa ana tsalle ana juyi, na yi saurin cewa walimar biki ce. Ta dube ni ta ce, "Kai, wannan coci ne. Ni ka mayar baƙauya?" Na ce tuntuɓen baki ne. Ta ce, "Su ma roƙon Allah suke yi irin nasu. Amma mai jan baƙin nan yana da murya." Ta gyara zama.

Sai jiniya ta tashi a cikin fim. Motar 'yan sanda ta biyo marayu, wata ta biyo ta, wata ta ƙara biyowa. Na ga hannun Inna ya damƙe carbi, ta ɗago daga jikin kujera, fuskarta ta koma irin wadda matata ke ba ni labari idan na dawo. Ta ce a hankali, "Me suka yi? Kashe su za a yi?"

Ban yi shawara da kowa ba, bakina ne ya yi gaba. Na ce, "Rakiya ce."

"Rakiya?"

"Kin san yadda ake yi wa gwamna a gida, jiniya gaba jiniya baya? To a nan duk wanda ya fito aikin alheri haka hukuma ke yi masa. Sun ji labarin marayun ne suka zo buɗe musu hanya."

Ta ƙara duban motocin. Ta ce, "To ai su suna baya. Mai buɗe hanya ba gaba yake shiga ba?"

"Marayun ne ba sa son nuna isa. Gudun riya suke yi, shi ya sa suke ƙara wuta."

Wannan ta shige ta sosai. Ta koma ta jingina. Da motocin 'yan sandan suka fara karo da juna suna hawa kan juna kamar an zubar da kwanuka, ta ce, "Direbobin gwamnati ko'ina halinsu ɗaya," ta yi dariyar da ban ji irinta ba tun saukarta.

Akwai wata mata a fim ɗin da ke bin su da manyan makamai tana neman hallaka su. Na ce yayarsu ce, haushi take ji sun ƙi yin aure. Inna ta ce tana da gaskiya, amma abin nata ya yi yawa. A ƙarshe da aka kewaye su da bindigogi na ce tsaro ne aka ƙara musu. Da aka gan su a gidan yari suna kiɗa na ce ziyara suka kai wa fursunoni, sadaka. Ta ce, "Har da sa kayan fursuna?" Na ce don kada fursunonin su ji an fi su. Ta ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su lafiyar ido.

Wuri ɗaya ne ba ta nemi taimakona ba. Wata mai gidan abinci, da silifas a ƙafa, ta tare mijinta da ke shirin ajiye aiki ya bi marayu, ta riƙe ƙugu ta dinga zuba masa waƙa tana nuna shi da yatsa, wasu mata na amsa mata. Na buɗe baki Inna ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Bari, wannan na ji ta. Cewa take in ya fita kada ya dawo. Kuma fita zai yi." Ya kuwa fita. Ta ce in mayar da wurin baya. Na mayar. Ta ce in sake. Ta ce da an ba matar nan ƙwarya da 'yan amshi na kirki, da babu gidan bikin da za a yi a Kano ba a kira ta ba.

Washegari ina kan hanya ban ga kira daga gida ba har azahar. Ni ne ma na tsorata na kira. Matata ta ce jiniya ta wuce ba sau ɗaya ba, Inna ta leƙa taga ta ce, "Wani mai alherin ne zai wuce," ta ci gaba da tankaɗe. A satin nan awon jininta ya sauko. Na ce wa matata ya kamata dai wata rana in gaya wa Inna gaskiya. Ta ce, "Likita ya ba da magani bai yi ba, kai ka ba da naka ya yi. Ka taɓa mini suruka ka gani."

Fim ya zama abincin rana. Da an gama wankan safe sai ta ce a sa mata marayunta. Akwai inda wani tsoho ke zaune a bakin kasuwa yana kaɗa jita yana waƙa da wata murya kamar daga cikin rijiya, ƙafarsa na buga ƙasa. Kullum in an zo nan sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ran nan muka haɗu da maƙwabcin a bakin lifta ni da ita, ta ce in gaya masa ta gode, kuma in gaya masa tsohon nan mai jita, hannunsa irin na masu garayar garinsu ne sak, waɗanda take ji tana yarinya. Ta ce, "Ka ce masa mutanen nan namu ne. An dai ɗebo su ne da daɗewa."

Wannan karon na fassara daidai, kalma da kalma, iya ƙarfin Turancina. Dattijon ya tsaya yana kallon ta. Lifta ta zo ta buɗe ta rufe ta tafi. Sannan ya cire hularsa ya ɗan rusuna mata, ya ce in gaya mata kakarsa ma haka take cewa.

Da abin ya tsaya nan da na ci riba. To amma matan Hausawa da ke nan suna zuwa barka, wasu daga nan kusa, wasu daga unguwar Mount Hope, 'yan Nijar da 'yan Gana da 'yan Najeriya, kuma duk wadda ta zo sai Inna ta ba ta labarin marayu masu ciwon ido da gwamnatin Amurka ke girmamawa. Ban san abin ya yi nisa ba sai ranar da aka yi arba'in. Lahadi ce, bayan azahar. Na fito wanka na tarar falo ya cika da mata, takalma har bakin lifta, ƙanshin waina da turaren wuta ko'ina. Na gaishe su daga nesa, na ɗauki mukullin mota na ce akwai jirgin da zai sauka.

Inna ta ce, "Jirgin ya jira. Ɗauko kujera. Na ce musu kai za ka fassara."

Na dubi matata. Ta mai da hankali kan canza wa jaririya riga kamar ba ta taɓa ganina ba.

Cikin matan akwai wata Hajiya 'yar Kumasi, ma'aikaciyar jinya, wadda ta zo ƙasar nan tun ina makarantar firamare. Kowa na shakkar ta, don ba ta ɓoye abin da ke ranta. Da ta ga bangon faifan sai ta ce, "Ei, wannan ne fim ɗin marayun?" Ta sauke tabaranta zuwa kan hanci ta dube ni ta samansa. Na ji gumi ya tsattsafo mini, a watan da ruwa ke daskarewa a titi.

Na ja kujera can bakin ƙofa na zauna, ni kaɗai namiji, kaina a ƙasa. Aka kunna. Matsala ta farko ita ce na manta rabin abin da na faɗa. Na ce mutumin ya fito daga gidan yari ne saboda an yi masa afuwa. Inna ta ce, "Ran nan sharri ka ce." Na ce sharrin ne ya jawo afuwar. Da tsohuwa ta ɗauki sanda na ce don bai yi salla ba ne, Inna ta ce a'a, gaisuwa ce bai zo ba, ta juya ta yi wa mata bayani da kanta. Aka saki ashar ta farko, mai nauyi, ta cika falon. Rabin matan nan sun ji ta sarai. Na ce, "Ya ce Allah ya kyauta."

Hajiya 'yar Kumasi ta yi tari. Wata ta tashi da sauri wai za ta duba miya.

Da aka zo kan jiniya na ce rakiya ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji ta. Sai wata matashiya 'yar Maraɗi, mai shagon kitso, ta ce, "Amma tanti, ai ba haka ba ne, su 'yan sandan nan so suke su..."

Ban ɗaga kai ba. Na riga na ga abin da zai biyo baya: tsohuwa ta tara mutane a kan maganar ɗanta, a ƙaryata shi a gabanta, ta koma bakin taga da carbi da jiniya. Sai na ji muryar Hajiya.

"Ke, shekararki nawa a ƙasar nan?"

Matashiyar ta faɗa.

"To Turancin wancan jihar daban ne da na nan. Ni na yi aiki can. Rakiya ne." Ta juya wajen Inna. "Mama, yaronki ya iya fassara. Abin da ya manta ya gaya miki, shi babban ɗan sandan ma maraya ne. Shi ya sa ya fi kowa gudu."

Inna ta ce, "Ka ji ko? Ba ka gaya mini wannan ba."

Na ce ya shige mini ne.

Daga nan aiki ya fita daga hannuna. Matan da suka ji Turanci suka gane inda aka dosa, sai abin ya koma gasa. Da aka nuna wani gidan shaye-shaye inda ake jifan makaɗa da kwalabe, wata ta ce a can haka ake yin liƙi, wanda aka fi jifa shi ya fi iya waƙa. Da yayar nan ta tashi wani gini da nakiya, mai shagon kitson da kanta ta ce dama ginin ya tsufa, taimaka wa hukuma ta yi. Masu ji suna dariyar ƙarya, marasa ji suna dariyar fim, Inna na tsakiya tana dariyar duka biyun tana share hawaye da bakin mayafi. Ni dai ina bakin ƙofa, ba mai ko tuna ni.

Da mai gidan abinci ta fara waƙarta aka yi tsit. Kafin ta kai rabi wata ta jawo roba tana bugawa. Hajiya ta miƙe, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta nuna ni da yatsa kamar ni ne mijin da zai fita. Sauran suka miƙe. Na ga mahaifiyata, wadda ke cewa gwiwa ta hana ta hawa mataki biyu, ta tashi tana taka ƙasa a hankali, hannu ɗaya sama. Na kawar da kai, don akwai abin da ɗa bai kamata ya zura wa ido ba.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na ce shi ke nan, maƙwabtan ƙasa sun kira hukuma, yau Inna za ta ga rakiya ido da ido. Na buɗe, ashe dattijon ne, ya ji kiɗansa ta bango. Ya leƙa ta saman kafaɗata ya ga mata cike da falo cikin atamfa da leshi suna rawa da waƙar da shi da matarsa suka yi rawa da ita. Bai shigo ba, ya san ba wurin maza ba ne. Ya tsaya nan bakin ƙofa yana kaɗa kai har waƙar ta ƙare. Inna ta sa aka cika masa faranti da waina. Ya tambaye ni me matan ke ta faɗa suna dariya, na ce suna yaba fim ɗin ne. Shi ma dai ban fassara masa duka ba.

Da Hajiya za ta tafi, tana sa takalmi, ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Ka ji tsoron Allah." Sai ta ƙara da cewa, "Amma rakiyan nan ya yi kyau."

Da lokacin komawar Inna ya yi, dattijon ya ce ta tafi da faifan, ya ba ta. Ta naɗe shi cikin zane ta sa a jakar hannu tare da fasfo.

Bayan 'yan makonni ina layi a filin jirgi sai ga kiran ƙanena. Shi malamin Turanci ne a wata sakandare a Kano, ya karanta abin har jami'a. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, me ka gaya wa Inna?" Ashe ta tara 'yan gida da maƙwabta ta ce ya zo ya fassara musu fim ɗin. Shi kuwa bawan Allah ya fara faɗin abin da ake cewa, yana dai tsallake zagin. Ya ce mutumin laifi ya yi aka ɗaure shi, 'yan sanda kuma kama su za su yi. Kafin ya ƙarasa ba ni labari na ji ta karɓe wayar.

"Kana ji na? Yaron nan ashe ba ya jin Turanci. Wai kora ce. Na ce masa wanda ke zaune a ƙasar, yake magana da su kullum, ya ce rakiya ce, kai da ko Legas ba ka taɓa zuwa ba za ka ce kora? Ban san me yake koya wa 'ya'yan mutane ba."

Na ce, "Inna, a yi masa haƙuri. Turancin littafi ne da shi."

"Haka na ce. Na sallame shi, ni na fassara musu."

Ƙanena bai yi mini magana ba sai da aka kwana biyu. Da ya huce na ba shi labarin taga da carbi da na'urar awon jini. Ya ce to ai da na gaya masa tun farko, da ya shirya. Na ji labarin daga baya shi ne ya ƙara da cewa motar marayun kyautar sarkin garinsu ce.

Yanzu Turancina ya gyaru. Na sake kallon fim ɗin ni kaɗai, na ji duk abin da ake faɗa, na yi dariya a wuraren da da ban san na dariya ba ne. Fim ne mai kyau, mawaƙan cikinsa kuma manya ne na gaske, sai daga baya na san girmansu. Amma in faɗa muku gaskiya, labarinsa bai kai namu daɗi ba.

Ba ina cewa ku je ku yi wa iyayenku ƙarya ba ne. Ni kaina na yi istigfari a kai, ba sau ɗaya ba. Abin da dai na lura da shi, duk wanda ke zaune a ƙasar nan yana da iyaye a gida, tafinta ne ko ya so ko bai so ba. Ana tambayar mu ya aiki, ya sanyi, ya mutanen wurin, mu tsaya mu zaɓi abin da zuciyar tsoho za ta iya ɗauka. Su ma in muka tambaye su ya jiki, haka suke mana.

Inna tana nan da ranta, ta tsufa sosai, faifan kuma ya daɗe da daina yi. Ban taɓa warware mata ba, ita ma ba ta taɓa sake tambaya ba. Ko ta gane daga baya ta bar ni da abina, ko har yanzu a haka take, ban sani ba, kuma ba ni da niyyar bincike. A makon jiya muna waya ina tsaye a danja, motar 'yan sanda ta wuce da jiniya har ta rufe maganarmu. Da ƙarar ta lafa na ce mata ina nan, lafiya ƙalau.

Ta ce, "Na sani. Ka dai matsa gefe ka ba su hanya."